Sawun da Na Gyara

Ranar da aka sace kan keken ɗinkin teloli, ko jakata ban ajiye ba na ji salati daga shago na huɗu. Shaguna bakwai ne a jere a gininmu, nawa ne na ƙarshe, inda nake zana tambari da allunan talla a kwamfuta. Na leƙa, sai ga Babban Tela a tsaye ya ɗora hannu a ka, ƙanensa Auta kuma yana kan benci yana share hawaye da gefen riga, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Teburin keken na nan, fedar na nan, bel ya zube ƙasa, amma kan keken babu shi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwado ba.

"Keken babanmu ne," Auta yake ta maimaitawa. "A kansa muka koyi ɗinki."

Kafin ƙarfe tara kowa ya zama ɗan sanda. Wannan ya ce ya ga baƙuwar fuska jiya, wancan ya ce ai tun makon jiya jikinsa yake ba shi. Sai ga Mai Shaguna ya iso yana haki, ya yi tambaya ɗaya tak: ban da telolin, wa ke da makullin ƙofar baya? Kowa ya juya ya kalli Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shekararsa goma sha tara yana gadin ginin, shi ya nema min shagon da nake ciki, kuma saboda ni kowa yake ce masa Kawu. Ya ce da bakinsa bai bar ƙofa ba sai da magariba, da ya je salla ya dawo.

"Ni ban ce kai ba ne," in ji Mai Shaguna. "Amma in la'asar ta yi keke bai fito ba, ka miƙo min makullaina, sauran bayanin ka yi wa 'yan sanda."

Kawu kuwa ya koma kan kujerarsa ya zauna.

*

Babban Tela ne ya aika aka ɗauko Baba Sawu. Tsoho ne siriri mai sanda, a da shanun da suka ɓata yake bi, yanzu kuma duk wanda aka yi wa sata a unguwa shi yake fara nema. Bai gaisa da kowa sosai ba, ƙasa kawai yake kallo. Ni kuwa na rufe shagona na bi bayansa, don maganar Kawu ce.

Ƙofar bayan telolin tana buɗewa ne cikin wani ɗan lungu da aka zuba wa sabon siminti jiya da yamma, aka gitta katako a kai don a riƙa wucewa. Baba Sawu ya tsuguna ya daɗe yana kallon simintin. Sumul yake, ko ƙuda bai taka ba.

"Wa ya shafe nan da safen nan?"

Magini ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce da ya zo ƙarfe bakwai ya tarar wani ya taka masa aiki, ƙafa ɗaya, ta dama, ta nutse sosai a gefen katakon. Haushi ya kama shi, ya kwaɓa siminti ya cike wurin kafin Mai Shaguna ya gani ya yi masa faɗa.

"Kun ji ko!" wani ya ce daga baya. "Ya binne sawunsa da kansa!"

Nan take zargi ya bar Kawu ya koma kan Magini, har na fara jin sanyi a raina, Allah ya yafe min. Amma Baba Sawu ya tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi daga aiki jiya, ya ce biyar, kuma a motar Mai Shaguna ya tafi. Mai Shaguna ya ce haka ne, shi ya rage masa hanya. Magana ta mutu.

"To sawun da aka binne, ni me zan bi?" in ji tsohon. "Ku ba ni kuɗin mota in koma."

Sai Mai Caji, wanda shagonsa ke kusa da nawa, ya ɗaga waya. Ashe ya ɗauki hoton sawun da safe don ya tsokani Magini. Aka yi caa a kansa, me ya kawo shi lungu da sassafe, ya rantse fitsari ne. Baba Sawu ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya juya ta sama da ƙasa. Mai Caji ya buɗa masa hoton da yatsu biyu, sai komai ya tarwatse ya zama ƙananan murabba'ai masu toka-toka.

"Wannan ba sawu ba ne, hayaƙi ne," ya ce. "Ni ƙasa na iya karantawa."

Bakina ne ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ni zan fitar maka da shi. Aikina ke nan."

*

Aikina ke nan kuwa. Mutum zai kawo min tambarin shagonsa a hoton da ya sha wuya, in mayar masa da shi zanen layi. Hoto tarin ɗige-ɗige ne, kana buɗa shi yake fashewa. Zanen layi kuwa ko ka ja shi ya cika bango, bakinsa na nan kamar an yanka da reza.

Na ɗora hoton a kwamfuta, Baba Sawu na zaune a gefena yana kallon allon kamar zai cije shi. Da farko na bar na'urar ta bi gefen sawun da kanta don sauri. Ta haɗa da tsakuwa, da inuwar Mai Caji, da tsagar katako, ta fito min da wani abu kamar gashin da bai ga mataji ba.

"Wannan dabbar ban taɓa binta ba," in ji tsohon.

Na goge. Na dusashe hoton, na kulle shi a ƙasa, na shimfiɗa sabon shafi a kansa, na fara bi da hannu. Ana dasa ɗigo a inda layi ya karya, a ja shi ya lanƙwasa, a sake dasa wani. Ƙa'idar ita ce ɗigo kaɗan, layi mai santsi. Na zagaye gefen takalmin, na fitar da dunduniya, sannan na shiga layukan da ke gicciye a tafin, irin waɗanda ke hana santsi. Inda layi ya yanke na haɗa shi, inda datti ya fito na share. Shekara takwas hannuna yana yin haka, ba ya ma tambayata.

Sai ya tambaye ni girman takalmin. Na ce masa hoto ba ya faɗin girma. Ya sa ƙarshen sandarsa a kan wata 'yar da'ira a gefen hoton, ya ce mene ne wannan. Murfin kwalbar lemo ne da ya maƙale a simintin. Muka samo murfi irinsa, na auna, na ja zanen har da'irar ta yi daidai da shi. Firinta ta turo takarda: tafin takalmi na dama, baƙin layi a kan fari, da layuka tara a gicciye, reras.

Wallahi na ji daɗin aikin nan. Har na ɗaga shi sama don mutane su gani.

*

Kowa ya gane takalmin. Wani mai talla ne ya zo da irinsa watannin baya, na roba mai rufi, rabin mazan ginin suka saya. Da aka gwada girma, mutum huɗu suka rage: Magini, Mai Caji, Auta da Kawu. Auta har dariya aka yi da aka sa shi a layi, wai mai kaya ya zama ɓarawon kayansa.

Baba Sawu ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya riƙa karɓar takalmin dama ɗaya bayan ɗaya yana kifawa. Na Magini dunduniyar ta cinye. Na Mai Caji ya zaizaye ta gefe. Na Auta tsakiyarsa ta shafe. Duk ba su yi daidai da zanen ba.

Kawu ya cire nasa ya miƙa, ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsakuwa. Mai gadi a zaune yake wuni, kuma Kawu mutum ne mai tattalin kaya. Layuka tara, babu wanda ya ci, kamar daga takardata aka zuba shi.

Mai Shaguna ya miƙa hannu, Kawu ya ciro tarin makullai daga aljihu ya sa masa. Bai kalli Mai Shaguna ba, ni ya kalla.

"Ke kika zana wannan?"

Na ce eh. Ya gyaɗa kai.

"Saura awa biyu la'asar," in ji Mai Shaguna. "Ka faɗi inda ka kai shi, a rufa maka asiri."

Kaina ya kulle tamau. Na san Kawu, mutumin da in ya tsinci allura sai ya bi shaguna bakwai yana tambayar mai ita. Na kuma san aikina. Ɗaya daga cikin biyun ƙarya yake yi, kuma na kasa gane wanne.

*

Ina zaune a shago na haɗa kai da gwiwa sai ga Baba Sawu ya shigo da takardar a hannu. Ya ja kujera ba tare da an ba shi ba.

"'Yata, shekara arba'in ina bin sawu, ban taɓa ganin mai kyau irin wannan ba. Shi ya dame ni."

Na ɗauka yabo ne, har na fara cewa na gode. Ya ɗaga min hannu.

"Ƙasa an binne ta, hoto ban iya ba. Sawun da ya rage min naki ne. Faɗa min inda kika taka, daga farko."

Raina ya ɓaci. Ni za a titsiye kamar ɓarauniya? Na ce masa ga hoto ga zane, ban ƙara komai ba, ban rage komai ba. Bai kula ni ba. Ya kai takardar bakin taga, ya bi layukan da farcensa ɗaya bayan ɗaya.

"Na farko ya ɗan karkace. Na biyu ya fi shi kauri. Na uku yana da ɗan ƙugiya a ƙarshe." Ya matsa ƙasa. "Na huɗu, ƙugiya. Na biyar, ƙugiya. Na shida, ƙugiya, wuri ɗaya, girma ɗaya. Daga na bakwai kuma kowa ya koma halinsa. Waɗannan huɗun uwa ɗaya ta haife su. Wace ce uwar?"

Na juya ga kwamfuta na taɓa layi na uku, ɗigoginsa suka bayyana, guda shida. Na taɓa na huɗu, shida, a wuri ɗaya. Sai a lokacin na tuna. Da na zo tsakiyar tafin ban ga layukan sosai ba, na ce ai hoton ne bai fito ba. Na kwafi na uku na jera sau uku, na daidaita tazara, na wuce. Haka nake yi wa kowane tambari in wani harafi ya goge. Ko daƙiƙa goma bai ɗauke ni ba, shi ya sa ma bai zauna min a kai ba.

"Ni na sa su," na ce. "Na ga wurin babu kyau."

"To cire su mu ga rashin kyan."

Na cire ukun, na dawo da hasken hoton, na buɗa tsakiyar a hankali. Wurin fili ne, babu layi ko ɗaya. Na ce wataƙila hannun Mai Caji ne ya girgiza. Tsohon ya ce in duba ko ana ganin wani abu a cikin filin. Akwai 'yan tsakuwoyi biyu, sun fito tsaf da inuwarsu. Hoton da ya iya nuna tsakuwa ba zai ɓoye layin takalmi ba. Layukan ne babu su tun a ƙafar mai takalmin.

Na sake bugawa, wannan karon da ramin a tsakiya. Muni ne da shi kamar bakin da ya zubar da haƙora.

"Yauwa," in ji Baba Sawu. "Yanzu na ga mutum."

Ni kuwa har yanzu ban ga kowa ba. Kaina ya yi zafi, takalman da aka kifa ɗazu duk sun cakuɗe min. Na ce ko Babban Tela ne ya sace kayansa don a tausaya masa? Ya ce in bar saurin baki, shi ya kai ni inda nake, in je in kira masa kowa zuwa shagon teloli.

*

Muka cika shagon, wasu na leƙe ta taga. Kawu yana bakin ƙofa a tsaye, hannuwansa a baya. Kafin tsohon ya yi magana na riga shi, don in ban faɗa a lokacin ba ba zan iya ba. Na ce takardar farko kuskurena ce, na ƙara layuka uku da babu su a hoton. Aka fara gunaguni. Mai Shaguna ya ce to wa ya tabbatar wannan ta biyun ba don kawunta ta gyara ta ba? Na juya masa allon wayar Mai Caji, na ce ya ƙirga da kansa. Ya ƙirga, shida ya samu.

Baba Sawu ya nuna ɗaya keken da ya rage a shagon, ya ce wa Babban Tela ya ɗan taka masa ya gani. Babban Tela ya yi mamaki, amma ya zauna. Ya zame takalmansa ya tura su ƙarƙashin tebur, ya ɗora ƙafa a feda.

"Kullum haka kake cirewa?"

"Tun ina yaro. Babanmu dukan ƙafa yake yi in ya ga takalmi a kan feda."

"Auta fa?"

"Auta ai ɗan lele ne, ba a dake shi ba. Har yau da takalmi yake..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya a hankali ya kalli ƙanensa.

"Magini dunduniya yake ci, don da ita yake danna shebur," in ji Baba Sawu. "Mai Caji a karkace yake tafiya. Amma tsakiyar tafi, ƙafar dama kaɗai, ƙarfen feda ne yake lashe ta. Sawun kuma ya nutse, mai shi yana ɗauke da kaya mai nauyi, bai ga katako sosai ba. Auta, ba sai na ce ka cire ba, na riga na riƙe shi a hannuna ɗazu."

Auta ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Wannan karon kukan daban ne da na safe. Ya ce kan keken yana gidansa, a ƙarƙashin gado, ya naɗe shi da bargo. Ya ce Yaya ya shirya da wani mutum zai zo yau ya ɗauke shi, ya kawo musu mai aiki da lantarki. Ya roƙe shi sau uku, Yaya ya ce ƙarfe ne kawai. Shi ya sa da magariba, da ya ga Kawu ya tafi salla, ya buɗe da makullinsa ya kwance kan ya fita ta baya.

"Ni so nake mutumin ya zo ya tarar babu, ya haƙura. Wallahi ban yi zaton za a taɓa Kawu ba."

"Da aka taɓa shi fa?" Ni ce na faɗa, ban san na ɗaga murya haka ba. "Kana tsaye aka sa dattijo ya cire takalmi a gaban jama'a! Kana tsaye ya miƙa makullai!"

"Takardarki ce ta ce ba ni ba ne," ya ce yana kallon ƙasa. "Sai na kasa cewa ni ne."

Babban Tela ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce kowa ya fita, maganar gida ce.

*

A waje Mai Shaguna ya miƙa wa Kawu makullai yana ta kame-kame, wai ai shi dama zuciyarsa ba ta yarda ba, a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne. Kawu ya karɓa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya sa a aljihu. Baba Sawu ya karɓi kuɗin motarsa ya tafi, ko sallama bai yi min ba.

Na jira mutane suka watse, na je na tsuguna a gefen kujerar Kawu. Na ce ya yafe min. Ya juyo ya dube ni.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki faɗa min gaskiya. Da tsohon nan bai koma wurinki ba, da ke da kanki za ki sake duba zanen?"

Na so in ce eh. Kalmar tana bakina, kuma na san zai karɓa.

"A'a, Kawu. Da ban duba ba. A wurina ya yi kyau."

"Ni kuma da na ce ban ɗauka ba?"

"Na rasa wanda zan yarda da shi, kai ko shi."

Ya gyaɗa kai, ya ce gara da na faɗa. Ya ce ya yafe, kuma kada in kai maganar nan gida, mahaifiyata ba ta da lafiyar jin ta. Sannan ya ciro makullan, ya zare ɗaya daga cikin zoben da ƙyar, don yatsunsa sun tsufa. Na ƙofar bayan shagona ne, wanda na ba shi da hannuna ranar da na tare.

"Riƙe naki," ya ce. "Na sauran shagunan, aiki ne, dole in riƙe. Naki kuwa don kin yarda da ni ne na karɓa."